Baba, Za Su Sare Tsamiyar Jikarka

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Hamadu na Figil.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga mahaifinta, ina roƙon Allah ya sa wannan rana ta same ka cikin rahama da yalwar makwanci. Mu nan Garwa lafiya lau, sai zafi, wanda ka san ba baƙo ba ne. Inna tana can Figil da ƙarfinta. Har yanzu ita ke raba faɗa a layinmu, wani lokacin ma ita ke haɗa shi.

Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Na kuma san waɗanda za su karanta wannan a shafina masu rai ne, wasunsu ma katanga ce kawai tsakaninmu. Su karanta in suna so, amma ba da su nake ba. Da kai nake, don kai kaɗai ne mutumin da na taɓa yi wa magana ba tare da na juya ta a ciki ta yi sanyi ba tukuna.

Baba, gobe Juma'a, in an sauko daga masallaci, za a zauna a gidanmu a kan jikarka. Ana so a kai ta wurin mai ruƙiyya, a kuma sare tsamiyar da ke bayan gida, wai aljani ne ya riƙe mata baki. An ce in ina da ja, in zo in faɗa da bakina a gaban kowa. Ni Mairo, wadda ko sallama ce sai ta gwada ta a zuci kafin ta shiga gidan mutane. Tun da aka gaya min ko ɗinkina ya daina tafiya daidai. Jiya na haɗa hannun rigar wata mata a baibai, na ɗinke shi tsaf, sai da na ɗaga rigar na ga aikin da na yi.

Ka bar ta tana rarrafe, yanzu ta kusa shekara goma. Doguwa ce irinka, har da tafiyar nan taka ta a hankali. Za ka lura ban kama sunanta ba, ka kuma san dalili: 'yar fari ce. Tun da aka yaye ta Hajja, uwar maigidana, ta ɗauke ta. A ɗakinta take kwana, ita ke mata kitso, ita ke yanke magana a kanta. Ni Adda take ce min, kamar wata yayarta. In zan aike ta sai in ce "ke". In ana yabonta in sunkuyar da kai, in ana yi mata faɗa in shige ɗaki. Haka muka tarar ana yi, kuma gaskiya al'adar ba ta taɓa yi min nauyi ba, don ta zo daidai da halina. Sai a wannan makon na ji nauyinta.

Kada ka ɗauka Hajja muguwa ce. Wallahi ba ta da mugunta ko kaɗan. Gidanta na unguwar Pumpumre, inda muke zaune tare, ba a rufe ƙofarsa. Mai biki ya shigo, mai rasuwa ya shigo, mai neman gishiri ya shigo ya fita da tuwo. Takan fara zance da Hausa, ta bi da Fillanci, ta rufe da wani Faransanci da ita kaɗai ta san inda ta samo shi. A wurinta mutum ba ya yin shiru sai da dalili: ko ba shi da lafiya, ko yana fushi, ko yunwa yake ji. Shi ya sa a shekarata ta farko a gidan nan na sha kunu kamar mai jego.

Da aka kawo ni amarya, shiruna abin yabo ne. Matan Fulanin unguwa suka riƙa cewa Hajja ta yi sa'ar suruka mai kunya, sai ka ce a ruga aka rene ta. Na ji daɗi, ban ce musu ba kunya ba ce. Da aka kwana biyu, shirun nan dai, bai ƙaru ba bai ragu ba, sai sunansa ya canza. Ya koma girman kai. Aka ce ba na shiga mutane, aka ce ina ganin na fi kowa don na ɗan taɓa lekol, wato makarantar boko. Wata ma ta ce ciki gare ni kamar rijiya, ba a san abin da nake ƙullawa ba. Ni kuwa ba abin da nake ƙullawa sai yadda zan samu in koma ɗakina in cire mayafi.

A hankali na samo wa kaina hanya. In ana biki, ni ce ta farkon zuwa, tun gida bai cika ba, in gaisa da uwar biki mu biyu, ta gan ni na gan ta. Daga nan sai in zarce wurin girki in karɓi wuƙa da albasa, don mai aiki a hannu ba a tambayarsa me ya sa ba ya hira. Kafin masu kiɗa su kafa kayansu na sulale. Ina da ƙawa ɗaya da nake zuwa wurinta in ta matsa, ta ishe ni. Ina da keken ɗinkina a lungun ɗaki, shi ne ke yin surutun a madadina. Da wannan na zauna lafiya da kowa, kuma ba na jin na rasa wani abu na duniya. Kwanan baya na gani a waya cewa masu nazarin halin ɗan Adam har suna suka ba irinmu. Sun ce akwai wanda taro ke ƙara masa ƙarfi, akwai wanda taro ke zuƙe masa shi, sai ya kaɗaita kafin ya dawo daidai. Na yi murmushi, don ka riga su gaya min, kuma kai da randa ka yi min bayani.

Ka tuna dawowarka daga wurin fasa dutsen siminti? Kakan shigo fari fat da ƙura har gira, kunnenka cike da ƙarar injuna. Ba ka zama a tsakar gida. Kakan wanke fuska, ka zagaya bayan ɗaki, ka zauna a kan tsohon turmin nan da aka kife. Inna takan kore yara ta ce a bar ka ka huce, alhali ba wanda ya ɓata maka rai. Ni kaɗai nake zuwa in zauna a ƙasa kusa da ƙafarka, kuma ba ka taɓa kora ta ba. Mukan zauna har inuwa ta juya, ba wanda ya ce uffan. Ban taɓa jin an saurare ni kamar a wannan zaman ba.

Wata rana aka ɗebo ruwa daga mayo, wato kogi, irin wanda ake tona yashi a kwalfa da rani. Aka juye shi a randa, na kai kofi zan sha, ka riƙe hannuna ka nuna min yadda ya yi jawur. Ka ce in jira. Da muka dawo ya kwanta, laka ta koma ƙasa, sama ya yi garau. Ka ce, "Ni da ke haka muke, Mairo. Mutane ba su ɓata mu ba, girgiza mu kawai suke yi. A bar mu mu kwanta, sai a sha."

Na tuna kuma ranar da Inna ta kai ƙarata wurinka, bayan baƙi sun zo daga Marwa na maƙale a bayan ƙofa na ƙi fitowa. Ta ce yarinyar nan ba ta da baki, wa zai zauna da kurma. Ka daɗe kana kallon ƙasa yadda ka saba, har ta fara tattara kwanuka don ta fid da rai da amsa. Sannan ka ce, "Tana da shi. Ba ta ɓarnarsa ne." Inna ta ce kai ma ai sai a hankali, ta yi gaba. Amma ba ta sake kira na kurma ba.

To, Baba, jikarka ta ɗauko mu, ta ma fi mu. In ta dawo daga lekol takan gaida kowa da muryar da sai ka kasa kunne, ta ci abincinta, ta wanke kwanonta, sai a neme ta a rasa. Ashe bayan gida take zagayawa, gindin tsamiya, ta zauna a kan wata saiwa da ta fito waje. Na daɗe da sani, ban ce komai ba, don na gane turminka ne ta samu. Sai wata maƙwabciya ta zo shanya a katanga ta hango ta. Ta ga bakinta yana motsi, tana ɗaga hannu kamar mai yi wa wani bayani, har da 'yar dariya, kuma ba kowa a wurin. Kafin la'asar magana ta isa kunnen Hajja.

Ka haɗa su da kanka: tsamiya, rana tsaka, yarinya tana magana ita kaɗai. A garin nan ko yaro ka tambaya zai gaya maka su wane ne ke zama a tsamiya, da kuma lokacin da suke fitowa. Hajja ta fara da hayaƙi, ta bi da rubutun sha, ta hana ta zagayawa baya. Yarinya ta yi biyayya, amma sai ta koma kamar an zare mata laka. Ta riƙa zama a tsakar gida cikin hayaniya, idonta a ƙasa, an kira ta sai ta zabura. Hajja ta ce kun gani ko, an raba ta da aljanin, shi ne yake jan ta.

Abin da ya ƙarasa lalata zance ranar sunan jaririn gidan wan maigidana ne. A nan gidan Hajja aka yi taron, mata sun cika tsakar gida, aka jawo ta tsakiya wai a gwada ta. Wannan ta ce ta faɗi sunanta, waccan ta ce ta ja Fatiha a ji, wata ta ce ta dube ta cikin ido. Duk a lokaci ɗaya, Baba, ana tafi ana dariya. Ina daga bakin murhu ina kallo. Fatihar da take ja wa ƙannenta kullum ta ƙi fitowa. Sai ta fizge hannunta ta ruga, ba ta tsaya ko'ina ba sai gindin tsamiya. Sai na ji salati ya tashi a gidan. Ni kuwa ina riƙe da ludayi, ban motsa ba, don uwar 'yar fari ba ta bin 'yarta a gaban mutane.

Ba na musun akwai aljanu, kuma ba na musun Alƙur'ani waraka ne. Ni kaina nakan tofa mata in Hajja ta juya baya. Amma mutumin da aka ce za a kai ta wurinsa na taɓa ganin aikinsa a kan 'yar wani gida a layinmu. Ƙarti suka danne ta, aka turnuƙe ɗaki da hayaƙi, ya kafa baki a kunnenta yana daka tsawa, yana cewa wane ne kai, fita. Jikarka ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta toshe kunne. In aka yi mata haka dole ta yi ihu, in ta yi ihu kuma za a ce ga shi nan ya yi magana. Waccan yarinyar har yau "mai aljanu" ake ce mata, iyaye suna hana 'ya'yansu cin abinci kwano ɗaya da ita. Wannan sunan nake tsoro, don ba ya wankuwa. Na fi tsoron kuma ita kanta ta yarda cewa akwai wani abu a jikinta da ya kamata a fitar.

Kuma kada ka ce na tsaya a kan ra'ayina ban yi shakka ba. Na yi, har yanzu ma takan taso min. Nakan ce to in ni ce na yi kuskure fa? In wani ciwo ne ke cin ta ina kiransa hali? Sai na sa mata ido. Na ga tana cin abinci har da neman ƙari in dambu ne. Tana barcinta lafiya. Tana da ƙawa, Marta, 'yar wasu Kiristoci mutanen ƙauyukan kan duwatsu da ke haya a gefenmu. In su biyu ne suna carafke har ƙyaƙyatawarta nake ji daga ɗaki. Na je lekol na sami malamarsu, ta ce ba ta ɗaga hannu a aji ko da wasa, amma abin da take rubutawa daidai ne. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, sai da na ji daga bakinta.

Na fake da cewa zan tsinto tsamiyar kunu. Na same ta a can, ta saci jiki ta zo duk da hanin Hajja. Da ta gan ni ta miƙe za ta gudu, na ce ta zauna. Na juya mata baya ina tsince-tsince a ƙasa, don na san irinmu ba ma iya magana in ana kallon mu. Na tambaye ta da wa take hira a nan. Na jira. Na jira irin jiran da kake yi min, har na cika gefen zanena da tsamiyar da ba na bukata.

Sannan ta ce, "Adda, da Hajja nake. Da malamarmu, da matan ranar suna. In an tambaye ni abu, amsar ba ta zuwa sai an watse. Shi ne nake zuwa nan in faɗe ta." Ta ƙara da cewa, "Tsamiya ba ta cewa in yi sauri."

Baba, na tsuguna a wurin. Ashe duk abin da ake ta hayaƙi a kansa, yarinya ce ke biyan mutane amsoshinsu a makare. Har Fatihar ranar suna, ta ce, ta zo nan ta ja ta daga farko har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba. Na so in rungume ta, na kasa, hannuna bai saba ba. Na dai ce mata ni ma haka nake, kakanta na Figil ma haka yake. Ta ɗago ta dube ni kamar yau ta fara gani na.

Daga nan na tuna dabararka. Ba ka taɓa yin magana a taron dangi ba, amma ban taɓa ganin an yanke abin da ba ka so ba. Kakan bi mutane ɗaya bayan ɗaya tun kafin ranar, wannan a bakin masallaci, wancan a gonarsa, ka faɗi taka a natse. In an zo zama sai ka yi shiru, wasu su riƙa faɗin maganarka suna zaton tasu ce. Na ce bari in gwada ta a kan Hajja.

Shekaranjiya da la'asar na sami gida ya ɗan lafa. Na shiga ɗakinta da man zafi na ce zan shafa mata a gwiwa, don ta kwana biyu tana kuka da ita. Na zauna a ƙasa, ƙafarta a cinyata, idona a kan aikina. Tana ta ba ni labarin wata da ta ɓata miya a gidan biki. Na bari ta ja numfashi, na ce, "Hajja, ku yi haƙuri, ina da magana a kan yarinyar nan." Sai na ji "yarinyar nan" ta yi min kaɗan a baki, kamar ina zancen 'yar maƙwabta. Ban san lokacin da na kama sunanta ba. Na ce lafiyarta ƙalau, na faɗi abin da ta gaya min a gindin tsamiya, na ce ni ma haka Allah ya yi ni, kuma shekarun nan duka ba yunwa nake ji ba.

Hajja ta janye ƙafarta. Ta yi shiru, Baba, abin da ban taɓa gani ba tun da na shigo gidan nan. Can ta ce, "Yau ni ake kama wa sunan 'yar fari a cikin ɗakina? Ashe kina da baki." Na ce a raina shi ke nan, na ɓata goma ban gyara ɗaya ba. Sai na ga tana share ido da bakin ɗankwali.

Ta ba ni labarin da ko ɗanta ban jin ya sani. Tana da ƙanwa a Tinyer, can garinsu, mai fara'a da son mutane. Bayan haihuwarta ta fari sai ta yi shiru. Ta daina ci, ta daina wanka, ko jaririn ba ta kallo. Kowa ya ce kunyar ɗan fari ce, aka yi ta yaba mata. Ba wanda ya tambaye ta abin da ke damun ta, har ranar da aka tsamo ta daga rijiya. Hajja ta ce tun daga ranar ta yi alkawari ba wanda zai sake yin shiru a gabanta ta ƙyale shi. Nan na gane kunun da na sha, na gane hayaƙin, na gane ba tsamiya take yaƙi da ita ba.

Na ce mata shirun ƙanwarta ciwo ne, ya zo mata daga baya, ya raba ta da abinci da mutane da kanta, kuma irin wannan in an gani a tashi tsaye, a tambaya, a kai asibiti, a yi addu'a. Amma na jikarta da shi aka haife ta, kuma bai raba ta da komai ba sai hayaniya. Ban san inda kalmomin suka fito ba. Ina jin don mu biyu ne, hannuna kuma yana da abin yi.

Ta ce ta ji, amma magana ta riga ta bar hannunta. Ta gaya wa babban ɗanta, Alhaji, wan maigidana, shi kuma ya riga ya yi magana da mai ruƙiyyar, ya kuma samo mai gatari. Ba za ta je ta ce masa ta fasa ba a kan zancen da aka yi a ɗaki. Ta ce, "Ranar Juma'a ki zo ki faɗa musu abin da kika faɗa min. Zan zauna kusa da ke, amma ba zan taya ki ba. In 'yarki ce, ki nuna."

Ka ga inda dabararka ta kawo ni. Na bi ta ɗaki don in guje wa taro, ta ɓullo da ni tsakiyar taro. Alhaji ba mutumin da zan tare a bakin masallaci ba ne, ko gaisuwa daga nesa nake yi masa a durƙushe. Maigidana yana hanyar kudu da lodin albasa. Na kira shi, ya ce zai yi ƙoƙari ya iso, ya ce kuma in bi a hankali kada in ɓata wa manya rai. Mutumin kirki ne, amma a gaban wansa shi ma ba shi da baki, nasa shirun dai na tsoro ne.

Ina ta ganin wurin a idona. Maza a kan tabarma, mata a bakin ƙofa, maƙwabciyar nan mai shanya ta samo dalilin shigowa. Za a ce to, Mairo, muna jin ki. Duk ido zai dawo kaina. Na san abin da ke biyo baya, don na sha shi: harshe ya bushe, kunne ya ɗauki ƙara, kai ya zama fayau ba komai a ciki. In na tsaya ina rawar baki, Alhaji zai duba agogo ya ce to Allah ya sa haka ya fi alheri, a shafa Fatiha, gatari ya shigo. Amsata kuma ta zo min bayan an watse, yadda ta saba. Wannan karon in ta makara ba ni za ta cuta ba. Ina jin tsoro, Baba. Ban taɓa jin tsoron halina ba sai yau.

Na yi tunanin in ce da ma Allah ya yi ni irin Inna, in shiga in juye musu magana har su nemi hanyar fita. Amma ba zan roƙi haka ba. Da ni irin Inna ce, da ban iya jiran da ya fito da maganar yarinyar nan ba, da yanzu ni ma ina cikin masu hura hayaƙi. Abin da nake da shi ke nan, da shi zan shiga. Ba sai na yi doguwar magana ba. Na tsara 'yan kalmomi kaɗan, zan riƙe carbi don hannuna ya sami abin yi, zan kalli tabarma maimakon fuskoki. In murya ta maƙale zan ce a ba ni ruwa, in sha a hankali, kowa ya jira. Kai ma ai jira ake yi maka, kuma ba wanda ya mutu.

Ɗazu bayan azahar na zagaya bayan gida. Na tsaya a gindin tsamiyar ina gwada abin da zan faɗa, ina ɗaga hannu ina saukewa. Ban ji zuwanta ba, ka san tafiyarku. Sai ganinta na yi a tsaye da jakar lekol tana kallon bakina yana motsi. Ba ta tambaye ni da wa nake magana ba. Ta je ta zauna a kan saiwarta, ta matsa gefe ta bar min wuri, ta ce, "Adda, a zaune ya fi zuwa. Ki fara da mai sauƙin."

Na zauna. Kafaɗarta tana taɓa tawa, ita tana nata ina nawa, ba mai jin wani. Na ce a raina in maƙwabciya ta leƙo yanzu, za ta ce aljanin ya yi kasuwa, ya samu biyu. A nan na gane wannan takardar ma tsamiyata ce. Tambayoyin da ka yi min da ido a kan turmin nan, yau nake ba ka amsarsu.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya gafarta maka, ya sa kabarinka ya fi bayan ɗakinmu na Figil sanyi da natsuwa. Allah ya jiƙan ƙanwar Hajja, ya sanyaya zuciyar yayarta. Duk mai shiru na ciwo Allah ya haɗa shi da mai tambayarsa, duk mai shiru na hali Allah ya haɗa shi da mai jiransa. Ni kuma Allah ya kwance min harshe gobe, ya kawo min amsata tun ba a watse ba.

Ta ce in fara da mai sauƙin. Na duba duk abin da na tsara, na ga wanda ya fi wuya shi ne ya kamata ya zo farko, in ya fita saura za su biyo. Ba ka taɓa jin sa daga bakina ba, ga shi yau a gaban duk mai karantawa. Sunanta Nafisa. Nafisa 'yata ce, ni na haife ta, kuma lafiyarta ƙalau. Da wannan zan buɗe baki gobe.

Wassalam.

'Yarka mai zama kusa da turmi,
Mairo
Pumpumre, Garwa